Fasfon Yaya Mashud

A wajen wani suna a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da unguwar Nima, Imurana ya fara ganin Awabu, tana rabon shinkafa da wake a ganye, ɗankwali a karkace kamar mai neman faɗa. Shi kuwa bai daɗe da sauka daga Jamus ba, yara na binsa suna "boga, boga", sunan da mutanen Nima ke kiran duk wanda ya dawo daga can da shi.

Abokin tafiyarsa ya ƙwala kira, "Mashud!" Ya juya. Can gwaggonsa ta ce, "Imurana!" Ya sake juyawa.

Awabu ta miƙa masa ganye ta ce, "Ei, boga, suna biyu gare ka, amma abinci ɗaya za ka ci."

Bai ci ba. Kallonta ya yi ta yi har abincin ya huce.

Imurana ne sunansa na gaskiya. Mashud yayansa ne, shi ya sha wahalar neman fasfo da biza, sai mota ta karya masa ƙafa ana gab da tafiya. Da yake kamarsu ɗaya, tsohuwarsu ta ce kada biza ta mutu a banza, ƙane ya tafi. A Nima ta shekarun tamanin wannan ba labari ba ne. Tun daga nan izinin zama da aikin tashar jiragen ruwa duk suka zama da sunan Mashud, shi kuwa mai sunan yana gida yana ɗingishi, ransa na ƙuna.

Kullum la'asar Imurana na bakin shagon ɗinkin Awabu, wai ya kawo gyaran wando. Wandon lafiyarsa ƙalau.

"Awa tawa, can Jamus, garin Hambog akwai sanyi. Ni kaɗai ba na iyawa."

"Sayi bargo."

"Bargo ba ya tsokanata."

Ta sunkuyar da kai kan keke tana dariya, kuma wallahi tun ranar ta gama kamuwa.

Mahaifinta, Malam Iliasu mai goro, bai ƙi shi ba sai da aka zo maganar biza. Kafin a ba Awabu izinin bin miji, dole takardar aure ta nuna ita matar Mashud ce, tunda shi Jamus ta sani. Imurana ya ce abu mai sauƙi ne, a ɗaura a masallaci da sunansa, a rubuta ta gwamnati da sunan yaya.

Ashe Mashud ma ya taɓa neman Awabu ta ƙi shi. Ya tako har rumfar goro, gaban jama'a, ya ce, "Baba, ku rubuta. Ranar da an rubuta, a dokan gwamnati matana ne, zan zo in ɗauka. Ya ci fasfona, ya ci Jamus ɗina, yanzu da sunana zai yi aure kuma?"

Malam Iliasu ya rufe kwandon goronsa ya ce, "'Yata ba za ta zama matar wa a takarda, matar ƙane a ɗaki ba. Magana ta ƙare."

Kafin magariba Maamobi ta ɗauka, Awabu ce mai auren 'yan'uwa biyu. Mata suka riƙa kawo ɗinkin ƙarya don su ga fuskarta. Hutun Imurana ya ƙare ana cikin haka, ya tafi bai yi mata sallama ba don kunya, ita kuwa ta ɗauka ya zaɓi Jamus. Ta yi kuka, ta rame, ta daina tsokanar kowa.

Bayan damina wani boga ya kawo mata kaset. Ta ari rediyon maƙwabta ta saka.

"Awa tawa, ni ne. Na san kina fushi. Kullum in na fita aiki suna kirana da sunan wani, ina amsawa. Ke kaɗai nake so ki kira ni, kuma da nawa. Kar ki karɓi goron kowa. Ina zuwa."

Ya zo ɗin, da jaka ɗaya. Bai ko sha ruwa ba ya wuce wurin yayansa, ya ajiye fasfon a cinyarsa.

"Ga kayanka, Yaya. Izinin zama na ciki, aikin ma yana jira."

Mashud ya buɗe, ya rufe, ya sa a aljihu. Ko sannu da hanya bai ce ba.

Aka ɗaura auren ranar Lahadi a masallacin unguwa, Imurana da Awabu, kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Malam Iliasu ya rungume shi yana hawaye, liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Tsohuwar ango ba ta zo ba, tana filin jirgi tana rakiyar babban ɗanta.

Ana kai amarya da la'asar jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ta saman kwanonin Nima, ƙararsa ta danne guɗa. Imurana ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace. Duk guminsa na shekaru yana ciki.

Awabu ta ɗaga mayafi ta ce a hankali, "Ka yi nadama?"

"Zan yi, Awa. Duk ranar da tukunya ba ta hau wuta ba, zan yi."

"To, in ta zo ka faɗa mini, mu yi tare."

Ta kama hannunsa suka shiga ɗaki. Allah ya ba su zaman lafiya, ya rufa musu asiri, don ban da shi ba su da kowa.