Gilashin da Ta Ƙi Dubawa

Da 'yar kwalba a hannu ya fara shigo mata ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Malama, ga guntun harshena, a riƙe min amana. Sauran ina aiki da shi."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Malamin firamare ne, kuma duk da gyambon da ya ƙi warkewa a gefen harshensa, bakinsa ba ya hutawa. Ta sa masa suna Aku. Shi kuwa da ya ga yatsunta duk tabon rini, ya ce ai ita Mai Launi ce.

Kafin sakamako ya nuna ciwon daji ne, so ya riga ya yi musu mugun kamu. Aka yanke rabin harshen, surutun Aku ya koma rubutun saƙo a waya.

"Mai Launina, yau na sha ruwa ban ƙware ba. Ina tafina?"

Saura gwaji ɗaya, kuma aikinta ne. Takan shimfiɗa siririn naman da aka cire a kan gilashi, ta ɗiga masa rinin da ke kama wani sinadari, sannan ta duba a madubin ƙara girma. In gilashin ya fito da haske, likitoci su sa ran mutum zai daɗe. In ya yi duhu, sai ka ji sun rage murya. Ranar da nasa ya iso gabanta, ta miƙa wa abokiyar aikinta, ta roƙe ta kada ta faɗa mata komai, ta fita ta zauna a matakala ta sha kukanta.

Babanta ba mugu ba ne. Shi ya yi jinyar mahaifiyarta har ta cika, ya san ɗacin abin. Ga kuma ɗan amininsa mai shagon magani, lafiyayye, kullum yana sintiri a ƙofar gida neman aurenta. Da ta faɗa wa Baba zancen Aku da gwajin, sai ya ce:

"Uwata, madubin nan a hannunki yake. Ki duba. In da haske, na ba malamin nan ke."

"Baba, in sai na duba zan amsa, ai gilashi na aura, ba shi ba."

Damuwa ta sa ta rage hira. Da likita ya faɗa wa Aku sakamakon, sai ya ɗauka shirun nata na wadda ta gani ne. Ya rubuto mata:

"Gilashin ya yi duhu, na san kin riga ni gani. Na gode da kika ɓoye min. Ki auri mai maganin. Ba na so ki fara aure da jinya."

Abin da ta gudu kada ta gani a madubi, shi ya turo mata da hannunsa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta kai wa Baba wayar.

Ya daɗe yana karantawa, sannan ya dubi kumburarrun idanunta. "Ashe da gaske ba ki duba ba."

"Yanzu na sani, Baba. Amsata tana nan."

Tsohon ya share idonsa, ya ɗauki hularsa, ya tafi gidan su Aku da kansa.

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Baba ya dafa kawunansu ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su tsawon kwana.

Da aka watse ta miƙa wa angon wayarsa don ya rubuta mata wani abu. Ya ture ta gefe. Ya yi ta kokawa da rabin harshensa, gumi na tsattsafo masa, har ya haɗa kalmomin.

"Mai… Launi."

Ba su fita daidai ba. Ta ce ya sake faɗa.