Buroshin Baba da Addar Jelani

"Jelani, mi kay yi haka?"

Yana tsaye a harabar gidanmu na Gidan Dahala, adda a hannu, yana murmushi kamar mai jiran tukwici. Rassa kuwa ga su nan zube a ƙasa.

"Gyara niy yi, Na'imata. Na ga ya yi buzu-buzu, kuma nan za a kahwa rumhwar bikinmu..."

Itacen fulawa ne da marigayi Babana ya kawo dashensa daga Jos. Buroshi muke ce masa, don jan furensa sak buroshin wanke kwalba. Kowa ya ce zafin Sakkwato zai kashe shi, Baba ya mayar da gindinsa wurin alwala har ya kama. Bai taɓa yi masa aski ba sai fure ya bushe, shi ma da almakashi, ɗan kaɗan a bayan busasshen furen. Yana jinya ya ce a gaban itacen za a ɗauki hoton aurena. Shi ya sa da Inna ta ga ya fara ƙunshe fure ta ce a sa rana.

Jelani kuwa ɗan mahautan Ƙofar Dundaye ne. In ya riƙe ƙarfe sai ya ga ƙashi.

Tun da aka kawo gaisuwarsa Inna ba ta ƙara duban fuskarsa ba, ba ta kama sunansa, in magana ce ta bakina take bi. Ranar ta fito, ta dubi dungun itacen, ta dube shi ido cikin ido.

"Jelani, ɗauki addarka ka hita."

Wanda ake kira da suna ba suruki ba ne.

Washegari ta aika wa baffannina a dakata da maganar rana.

"Icce na hwa, masoyiyata," in ji shi a waya.

"To zo ka hwaɗa ma Inna hakanan."

"Ke ma hushi kika yi da ni?"

"Ina sonka, Jelani, kuma jiya na yi kuka. Duka biyun gaskiya na."

Bai ƙara kare kansa ba. Kullum ya tashi daga kasuwa sai ya zo ya yi alwalar magariba a gindin dungun. Har buhun taki ya ɗauko daga kara, kasuwar dabbobi, ya juye masa gaba ɗaya, shi a dole gwaninta.

"Jelani, kwashe. Ƙone shi za ka yi," in ji Inna ta taga.

Ya kwashe da hannunsa. Ni dai abin da na ji kawai, har yanzu Jelani take ce masa.

Wasu rassan sun bushe, don saran ya kai ga tsohon ice. Da ruwa ya sauka sai toho ya fito ta ko'ina, har daga ƙasa, a cunkushe.

Wata la'asar yana tsugune yana kallon tohon, Inna ta fito da almakashin Baba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya, ta miƙo mini.

"Hwaɗa ma yaron ga shi cire waɗanga na ƙasa, shanye ruwa suka yi. Na sama kar shi taɓa sai hure ya bushe. In ya sake kawo min adda gida, ni da shi na."

Ta shige ɗaki.

Jelani ya karɓi almakashin, fuska a sanyaye. "Har yau ba ta huce ba ko? Yanzu ko magana ba ta son yi da ni."

Dariya ta zo mini tare da hawaye.

"Kai dai nama kaɗai ka sani. Ba ka ji ta bar kiran sunanka ba?"

Ya waiga wajen ɗakin Inna. Sai ya cire takalmansa, ya durƙusa yana fuskantar ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa.

Daga ciki Inna ta ce, "Na'ima, ce mishi shi tashi. Manyanai su zo ran Juma'a."