Amaryar Cikin Bokiti

To an sa rana, Jummai. Eunice ɗinmu, ƙanwata, autar Baba, da Harrison ɗin nan na talabijin. Na san kina can Kakau an kai miki labarin wai an fasa. Ba a fasa ba. Bari in gyara wa 'yata Phoebe kwanciya a cinyata in ba ki daga tushe, don wanda ya iso miki rabi ne, rabin ma ya karkace.

Kin san tun da soja suka sauka aka rantsar da farar hula, gidan talabijin ya rage nuna mana fareti, sai wasanni. Akwai wanda ake yi duk Alhamis da yamma, Jirgin Tauraro. Wai wasu mutane ne suka shiga jirgi suna yawo a sama, yau su sauka wannan duniya, gobe waccan. Harrison ne kyaftin. Jirgin kuwa tsohuwar bas ce da ke bayan gidan Tony a Kamazou, shi ne mai shirya wasan. Takarda mai ƙyalli suka lilliƙa mata a ciki.

Eunice ce ke ɗinka musu kaya, a nan suka haɗu da Harrison. Baba bai hana ba, amma kin san shi, dattijon coci ne, kuma tun rasuwar Mama ya ƙara tsauri a kanta.

"Ɗinki sana'a ce," ya ce mata. "Amma ranar da kika shiga wasan nan da kanki, ki nemi wani uban."

Harrison dai ya zo ya gaishe shi, ya sake zuwa, har Baba ya ce ya turo manyansa. Ana jiran zuwansu ke nan aka nuna wasan da ya jawo komai.

A gidana na Romi muka kalla, tunda maigidana Monday ya sayo talabijin. Baba na kan kujera, ni ina ƙasa da goyo, Eunice ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki. A lokacin ban kawo komai ba.

Ranar wasan na dariya ne. Jirgin ya sauka wata duniya inda mata ba sa nuna fuska. Kowacce ta kifa bokiti a kai, an shafa masa fenti kalar azurfa, an huda ido biyu, an soka wayar keke a sama. Ba sa magana, sai fito. Kyaftin ya kamu da son 'yar sarki, amma da yake duk kamarsu ɗaya, sai ya kai wa kakarta fure. Kakar ta amsa, ta riƙa bin sa har cikin jirgi tana fito. Likitar jirgin tana son kyaftin, direba yana son likita, injin da ke magana a jirgin shi kuma ya ce direba yake so. Baba ya yi dariya har da tari.

Ƙarshe dai kyaftin ya gane 'yar sarki, aka zo ɗaurin aure.

Sai ga 'yan zumuntar matan coci sun cika akwatin talabijin. Na gaske, Jummai, da ankonsu da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau. A gaba kuma Mama Charity, shugabarsu ta Kamazou, 'yar ƙauyen su Baba, aminiyar marigayiya Mama. Ta ɗora hannu ɗaya a kan Harrison, ɗaya a kan bokitin, ta rufe ido ta kama addu'a. Ta fara da Hausa, da abin ya yi zafi ta juya yare.

Dariyar Baba ta ɗauke.

"Monday, ƙara murya."

Monday ya ƙara.

"Waccan ba Charity ba ce?"

"Ita ce, Baba," na ce. "Ai wasa ne."

"Charity ba ta addu'ar wasa."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko tuwon bai taɓa ba.

Ashe ga yadda aka yi. Tony ya rasa jama'ar da za su cika masa wurin biki, sai ya je ya samu Mama Charity ya ce akwai aure ranar Asabar, za a ɗauka a talabijin, su zo su yi waƙa. Bai ce na gaske ba, bai ce na wasa ba. Su kuwa tunda suke ba a taɓa kiransu auren ƙarya ba. Suka dafa shinkafa, suka dama kunu, har da kyautar faranti suka kawo. Da suka ga amarya da bokiti suka ce ai ango ɗan wasa ne, wataƙila haka suke yi a wurin aikinsu.

Washegari Baba ya hau bas har Kamazou ya tambaye ta.

"Aure ne mana," ta ce masa. "Ni na sa albarka. Yarinya mai kunya, har muka tashi ba ta buɗe fuska ba."

Yana dawowa ya aika wa manyan Harrison kada su zo.

Eunice ta bar cin abinci. Ta dawo wurina da zama, in na ba ta Phoebe ta riƙe sai ta zuba mata ido kawai. Ni kuma ina ta zagin Tony ina cewa gaskiya za ta fito.

Ran nan ina wankin nafkin a bayan ɗaki sai na ji su bakin rijiya, ita da Harrison. Ba laɓe na yi ba, katangar ce gajera.

"Ka faɗa masa kawai," ta ce.

"Ba zan faɗa ba."

"To ni zan faɗa."

"Eunice... kin ji abin da ya ce. Ki nemi wani uban. Kin san ba ya janye magana."

"In ban faɗa ba kuma na rasa ka."

"Rabin raina, ni zan iya jira. Ko shekara nawa ne zan jira. Amma ba zan so ki shigo gidana kina kukan ubanki ba."

"Kai ka ce ba wanda zai gane."

"Ai ba wanda ya gane. Shi ne ma damuwar."

Ta yi wata 'yar dariya, daga nan ta fashe da kuka.

Nafkin ɗin ya suɓuce mini ya koma cikin ruwa. Ashe amaryar cikin bokiti ƙanwata ce.

Da ya tafi na tsare ta. Ta ce Debby, wadda ke fitowa a 'yar sarki, zazzaɓi ya kwantar da ita ranar. Ga mata sun hallara, ga mai kyamara yana kallon rana. Rigar kuma a jikinta ta gwada lokacin ɗinki, ita kaɗai za ta shiga. Tony ya yi ta roƙo. Ta ce da Mama Charity ta fara addu'a, ta so ta cire bokitin ta ce ni ce, amma ta kasa.

"Yaya, me zan yi?"

"Ni ban sani ba," na ce mata. Kuma da gaske ban sani ba.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya kira Harrison gida. Mu duka muna falo. Harrison ya durƙusa, ya ajiye hannu a baya kamar ɗan makaranta.

"Baba, wasan kwaikwayo ne. Ba fasto, ba coci, ba komai."

"An yi addu'a?"

"An yi, Baba."

"Da sunan wa?"

"Da sunan Yesu."

"Ka ce amin?"

"Kowa ya ce, Baba..."

"Kai nake tambaya."

"Na ce."

"To. Wace ce yarinyar?"

Baba ya matso kusa da shi.

"In wasa ne, kawo ta nan da iyayenta su faɗa da bakinsu. 'Yar mutane ce, tana da suna. Wace ce?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba."

"A'a, Baba."

"To tashi ka tafi wurin matarka. Tawa 'yar ba ta da rabo a gidanka."

Harrison ya miƙe a hankali. Bai kalli Eunice ba ko sau ɗaya, don kada idonsa ya tona ta. Ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi.

Eunice ta tashi ta shige ɗakin ɗinkinta. Na ɗauka kuka za ta je yi.

Sai ga ta ta fito da bokitin a kai. Ashe yana wurinta tun ranar, cikin buhun ƙyallaye. Kayan cocinta ne a jiki, zane da riga, ga bokiti mai ido biyu, wayar keken ta lanƙwashe gefe. Ta zo gaban Baba ta durƙusa.

Monday ya toshe baki ya fita waje. Ni kam na dai rungume Phoebe.

"Ni ce, Baba."

Muryar ta fito da amo kamar daga cikin rijiya.

"Ni ce amaryar. Ka hana ni, amma na shiga wasan. Shi bai yi komai ba, rufa mini asiri yake yi. In za ka kore ni ka kore ni, amma kada ka ce yana da wata."

Baba ya daɗe yana kallon bokitin. Na ce yau mun shiga uku.

Da ya buɗe baki, ba abin da muke jira ya faɗa ba.

"Wa ya miƙa ki?"

"Baba?"

"Na gani a akwatin. Wani ya riƙe hannunki ya kawo ki gaba ya sa a hannun yaron nan. Wane ne?"

"Wani ne mai jan wayar lantarki... ban ma san sunansa ba."

Baba ya gyaɗa kai.

"Ranar auren yayarki," ya ce, "fasto ya tambaya wa ke ba da wannan yarinya, na tsaya kamar gunki. Uwarku ba ta daɗe da tafiya ba. Duk abin da na shirya ya gudu, na ce ni ne kawai na zauna. Tun ranar nake shirya naki. In ina aski ina maimaitawa, in ina tafiya coci ina maimaitawa. Sai ga wanda ba ki san sunansa ba ya riga ni."

Jummai, ni ban taɓa sanin abin ya dame shi ba.

Kukan Eunice ya cika bokitin. Baba ya sa hannu biyu ya cire mata shi da kansa, ya ajiye gefe. Fuskarta duk gumi da hawaye, fenti ya shafe mata goshi. Ya goge da gefen rigarsa.

"Kin saɓa mini," ya ce. "Wannan yana nan, ban manta ba."

"Ka gafarta mini, Baba."

"Za mu yi maganarsa. Kai kuma, dawo ka zauna."

Harrison ya dawo da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ka kalli idona ka ƙi ba ni amsa a cikin gidana."

"Na yi laifi, Baba."

"Ka yi. Da ka faɗa kuma da ban ba ka ita ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Charity ta riga ta sa albarka, kun ce amin ku biyu. Ba zan bar abin nan yana yawo haka ba coci ba dangi. Ka gaya wa manyanka su zo Asabar. Kuma ni zan miƙa ta, kowa ya ji."

Sun zo, an yi gaisuwa, an sa rana, Asabar ta ƙarshen Nuwamba a cocinmu na Romi. Baba ya ce daga yanzu in 'yan wasa na son ɗinki su kawo yadi gida, ƙafarta ba za ta sake taka bas ɗin nan ba. Ta ce to. Har yanzu in Harrison ya gaishe shi a gajarce yake amsawa, amma jiya na ga ya tura masa kwanon gyaɗa gabansa.

Mama Charity da ta ji gaskiya ta je har gidan Tony ta wanke shi tas a gaban matarsa. Amma ta ce ita ba ta ga auren ƙarya ba, tunda ga shi waɗanda ta yi wa addu'ar su ne za su yi.

Yarinyar nan ta farka, bari in tashi. Don Allah ki gaya wa Comfort da Deborah da duk 'yan ajinmu na can, musamman masu cewa an fasa. Ki ce su zo da wuri su samu benci na gaba, don Baba zai yi magana.