Bangon Mutum Ɗari Huɗu

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsugune ne a hawa na biyu na ginin, ya manna kunci a jikin bango ya rufe ido ɗaya, kamar mai leƙen maƙwabta.

"Malam, lafiya? Wa ya ba ka izinin hawowa nan?"

Ya miƙe yana kaɗe ƙurar gwiwarsa. Dogo ne, fatar hannunsa duk ta yi fari da siminti.

"Ni ne mai ginin," in ji shi.

Auta ta yi dariya har wayarta ta kusa suɓucewa. Sai dai ba ƙarya ya yi ba. Ginin nan na karo-karo ne, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Auta ce ta buɗe wa ginin shafi a manhaja, duk mai so ya sayi hannun jari daga wayarsa, ita kuma ta riƙa ɗora hotunan aiki duk mako, in an gama a raba kuɗin haya. Mutum ɗari huɗu ne suka shiga, daga malaman makaranta har direbobi da masu ɗinki. Mahaifinta ne ɗan kwangilar da ke ginawa. Wannan kuma mai saka tayil ne, ya sayi jari mafi ƙanƙanta da manhajar ta yarda a saya.

"To, mai gini, me ka gano?"

"Bangon nan ya karkace. Faɗin yatsa biyu daga sama zuwa ƙasa. Tun a hoton da kika ɗora na lura, na ce bari in zo in gani da idona."

"Babana shekara talatin yana gini."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Bangon dai ya karkace."

Ta sauko tana huci. Da yamma saƙo ya shigo:

"Shugaba, barka da yamma. Wallahi ba zancen bango ba ne. Na ga kin wuni a rana, kin sami cin abinci?"

Sau huɗu ta karanta. Ta rubuta amsa mai zafi ta goge, ta sake rubutawa ta goge. A ƙarshe ta tura: "Na ci, Mai Ido. Ka ji da naka cikin."

Sunan ya bi shi daga ranar. Kafin wata biyu Mai Ido ya zama Mai Idona, Shugaba ta zama Shugabata, kuma duk leburorin wurin sun gane cewa mutumin da ke zuwa duba jarinsa sau uku a mako ba jari kaɗai yake dubawa ba. Yakan zo da ruwan sanyi a leda, su zauna kan bulo a inuwar ginin, ya nuna mata hotunan benayen da ya shimfiɗa wa tayil, ita kuma ta koya masa karanta rahoton manhaja.

"Shugabata," ya ce wata rana, "ni fa ban iya zagaye-zagaye ba. Ina son ki, da aure nake son ki."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Ni ma na daɗe da kamuwa, Mai Idona. Amma ka san Baba."

"Kin gaya masa zancen bangon?"

Ta gaya wa mahaifin nata, tun makon farko. Baba ya ce yaɓe zai rufe, ta kuwa yi shiru, don ba ta taɓa musu da shi ba a rayuwarta. Duk hoton da ta ɗora tun daga lokacin, daga gefen da karkatar ba ta fitowa take ɗauka. Abin yana cin ta a rai.

Akwai wani ɗan mai sayar da siminti da ya shekara yana kawo mata turare tana mayar masa. Shi ma yana cikin zauren hirar masu jari na manhajar. Wata safiya sai ga hoton bangon a zauren, an ja masa jan layi, daga wata lambar da ba a sani ba. Kafin azahar saƙonni sun fi ɗari uku, wasu na tambaya, wasu na zagi.

Auta ta rubuta wa Mai Tayil: "Ashe haka za ka yi min? Ka tozarta mahaifina gaban mutum ɗari huɗu? Kada ka sake kirana."

Amsa ta zo nan take: "Ba ni ba ne. Da zan yi, da sunana zan yi, kuma ke zan fara gaya wa. Ki duba lambar."

Kwana uku ba ta duba ba, saboda fushi ya fi sauƙi. Rana ta huɗu ta buɗe rajistar manhaja, ta ga lambar tana haɗe da asusun ɗan mai siminti. Kunya ta kama ta sosai. Ta kira Mai Tayil, ya ɗauka tun ƙarar farko.

"Ka yafe min."

"Tun ranar na yafe. Kewarki dai ta kusa kwantar da ni, jiya layin tayil biyu na saka a karkace sai da na ɓalle."

Amma Baba bai damu da wanda ya ɗora hoto ba. Ya san bakin da zancen ya fara fitowa. Ya sa aka kira masa Mai Tayil ofishinsa na katako a bakin ginin, Auta na tsaye a ƙofa.

"Kai ne kake neman 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara talatin ina yi wa manyan mutane gini. Ba wanda ya taɓa hawa bene ya manna min kunci a bango. Yau yaron da jarinsa bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ba shi ne zai koya min aiki." Ya tura masa wayarsa kan tebur. "Sun san kai ma'aikaci ne, za su ji maganarka. Ka rubuta musu cewa ka auna, bango daidai yake. Ka yi haka, gobe ka turo iyayenka. Ka ƙi, kada in sake ganin ƙafarka."

Mai Tayil ya dubi Auta. Ta san abin da yake aunawa a ransa.

"Baba, ina girmama ka kamar mahaifina. Auta kuwa Allah ya sani ba ni da kamarta. Amma akwai hawa na uku da zai zauna kan bangon nan, mutane za su kwana a ciki da 'ya'yansu. Ba zan rubuta ba."

"To fita."

Ya fita. Auta ta bi shi da ido, tana jin kuka da alfahari suna tasowa tare.

A gida Mama ta same ta a ɗaki ta haɗa kai da gwiwa.

"Auta, babanki ba mugu ba ne. Tsoro yake ji. Sunansa ne kaɗai abin da ya tara."

"Na sani, Mama. Ni ma sunana ne a kan shafin nan. Ni na ce wa mutane su yarda da ni, kuma wata biyu ina juya kyamara."

Mama ta ce, "In za ki yi, ki yi a gabansa. Kada ki yi a bayansa."

Ranar Asabar da safe Auta ta tura sanarwa a zaure: "Duk mai jari da ke da hali ya zo wurin gini ƙarfe goma. Za mu auna bangon hawa na biyu a gaban kowa. Wanda bai samu zuwa ba ya kalla kai tsaye a manhaja."

Mutane suka cika wurin, wasu da kayan aiki a jikinsu. Ta hau da igiyar awo mai ƙarfe a baki, wayarta a ɗaya hannun. Tana cikin ɗaura igiyar Baba ya hauro, yana haki.

"Auta, kashe wayar nan."

Mai Tayil yana can ƙarshen taro, ba ta kuma so ya sa baki ba.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan kashe ba. Ginin nan ba namu ba ne."

Sai wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta matso tana dogara sanda.

"Ɗan kwangila, ni kuɗin sallamata daga aiki na zuba a nan, saboda an ce kai ne za ka gina. Ban hawo benen nan da ciwon ƙafa don in ci mutuncinka ba. Ka auna da hannunka. Abin da ka ce, shi zan yarda."

Baba ya dube ta, ya dubi wayar da ɗaruruwan mutane ke kallonsa ta ciki. Ya karɓi igiyar daga hannun 'yarsa, ya kafa ta a sama, ya saki ƙarfen. Ƙarfen ya yi lilo ya tsaya nesa da gindin bangon. Ya sa yatsunsa biyu a tsakani, suka shige har da saura.

Ya miƙe tsaye.

"Ku kawo min babbar guduma," in ji shi. "Gyaran daga aljihuna ne, ba daga na kowa ba."

Shi ya yi bugun farko, bulo ya tsage. Ya yi na biyu da na uku, sannan ya juya yana share gumi, ya nemo Mai Tayil da ido.

"Kai, mai taurin kai. Tsayuwa za ka yi tsoho na aiki? Zo ka karɓa."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Masu jari suka zo da yawa har kujeru suka kasa, dattijuwar asibiti a sahun gaba. Ɗan mai siminti ya turo saƙon taya murna, ba wanda ya samu lokacin buɗewa.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyu gefe. Auta na kuka, angon ya durƙusa.

"Mutane suna cewa wai gwada ka na yi ranar nan a ofis," in ji Baba. "Na bar su suna faɗa. Amma ku biyu ku sani, ba gwaji ba ne. Da gaske na so ka yi min ƙaryar, kuma da ka yi, da na ba ka ita, in zauna ina raina ka har in mutu." Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa. "Na gode da kuka ƙi biye min. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su iya gaya muku gaskiya."

"Amin, Baba," suka ce tare.