Bangon Toka

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, Mai Bulo yana tsakar gida yana wanke ƙafa, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗakin 'yarsa Auta. Ƙwal! Na biyu a gabansa ya sauka, ya tarwatse. Ya sunkuya ya taɓa. Dunƙulen toka ne, da ɗuminsa, kamar yanzu aka kwaso shi daga murhu.

Toka kuwa ai ita ce sana'arsa. Tashar lantarkin da ke bayan gari gawayin kwal take ƙonawa, tokar ta taru tsibi-tsibi, iska na kwasowa tana zuba wa mutane a ido da tukunya. Shi ne ya ce zai gauraya ta da siminti ya buga bulo. Shekara uku ana yi masa dariya. Magina suka ce ruwan farko zai narkar da shi. Matarsa ma cewa take, "Mutane na share toka daga gida, kai kana shigo da ita a mota!" Don ya rufe bakin kowa ya gina wa Auta ɗaki da bulon. Ranar Alhamis injiniyoyin tashar za su zo dubawa. In sun gamsu su bar masa tokar gaba ɗaya, a daina kiransa mahaukaci.

Kwana huɗu ana jifan nan, kullum da faɗuwar rana. A na biyar Auta ta daina magana. Yarinya mai surutu kamar rediyo, sai ga ta zaune ta manna kunne a bango, tana kankare shi da farce har yatsunta suka yi jini. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Takaici ya ishi Mai Bulo, abinci ma ya daina shiga.

Yammacin Laraba matar ta kawo wani tsohon malami. Ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ta karatu a hankali. Can sai Auta ta juyo, wata murya ta fito daga bakinta, ta tsoho, a shaƙe.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Tambayi wancan mai shebur ɗin! Muna ƙarƙashin ƙasa cikin kwal, aka haƙo mu. Muka bi shi, aka cinna masa wuta. Muka haƙura muka koma tsohon tsibin toka, shekara talatin ba mai taka wurin. Sai ga wannan da magariba, ba sallama ba bismilla, ya kwashe mana gida ya matse a inji. Iyalina suna cikin bangon nan. Ina kuma kuke so mu je?"

Mai Bulo ya tuna ranar. Layin motocin sabuwar toka ya yi tsawo, ya zagaya baya ya cika motarsa daga tsohon tsibin.

Aljanin ya ce a rushe ɗakin duka. Malam ya ce ba shi da hakki a jikin yarinya, ya ji tsoron Allah. Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan bangon gabas, wanda aka gina da lodin ranar. A fasa shi yau, a mayar da shi inda aka ɗebo.

"Malam, gobe fa Alhamis," in ji Mai Bulo. "Kwana ɗaya kawai. Injiniyoyi su gani, sannan in rushe."

"Kai ka ba mu kwana ɗaya?" in ji muryar. Auta ta buga goshinta da bango, gum!

Mai Bulo ya ɗauko guduma.

Ya dirka wa bangon, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ya sake. Gumi ya jiƙe masa riga, tafinsa ya fashe, bangon ko gezau. Sai a bugu na ashirin da wani abu bulo ɗaya ya zame ya faɗi. Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Mama, ruwa."

Matar ta rungume ta tana kuka. Ta dubi bangon, ta dubi hannun mijinta.

"Baban Auta," ta ce a hankali, "ashe da gaske yana da ƙarfi."

Shekara uku yana jiran wani ya faɗi haka. Bai juyo ba. Ya goge tafinsa a wando, ya sake ɗaga gudumar.