Hoton Gamsheƙar Lambun Malam Shehu

Na rasa kyamarar maigidana. Na tsira da idanun 'yata. Duk wanda ya ce na faɗi, bai san ciniki ba.

Maigidana mai ɗaukar hoto ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Da ya rasu, ya bar mini 'ya ɗaya da kyamara ɗaya. Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Tana aji biyar a firamare.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowane ɗan takara yana son hotonsa a bango. Kyamara ta yi daraja. Oga Lawrence, abokin marigayi, yana da shagon wankin hoto a Tarauni. Sawu uku ya yi yana taya kyamarar, sau uku ina cewa albarka. Ƙuli-ƙuli nake sayarwa, amma ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba. Na naɗe kyamarar a zani, na sa a ƙasan adaka.

Wata rana malamar ajin 'yata ta ce kowa ya kawo hoton dabba. Sauran yara suka yanko nasu a tsohuwar kalanda. 'Yata kuwa ta cika baki a aji. Ta ce ita 'yar mai hoto ce, da hannunta za ta ɗauko, kuma na maciji. Ta ji ana cewa akwai gamsheƙa a lambun Malam Shehu, can bayan Tarauni.

Ranar Asabar na tafi sayen gyaɗa. Yarinya ta buɗe adaka, ta ɗauki kyamara, ba ta tambayi kowa ba.

Ta tarar da macijin yana shan hantsi a bakin rijiyar lambu. Ta ɗora kyamara a fuska. Ashe 'yar tagar da ake leƙawa tana nuna abu ƙarami, kamar yana nesa. Ta matsa. Ta ƙara matsawa. Gamsheƙa ta fasa kai. Yarinya ta danna, maciji ya yi tsartuwa.

Yara, gamsheƙa ido take nema da dafinta. Amma idon dama yana bayan kyamara. Na hagu kuma a rufe yake, kamar yadda ubanta ya koya mata ɗaukar hoto. Ɗigo kaɗan ne ya shiga na hagun.

Ta yi ihu, ta saki kyamara a kan dutse. Malam Shehu ya rugo. Ya yi ta kwarara mata ruwa a ido, sannan ya kai ta asibiti. Da labari ya iske ni, a can na same su, mayafina a hannu.

Kwana uku idon yana kumbure. Likita ya ce ruwan nan ne ya taimaka. Da ta buɗe idon, sai kuka.

"Inna, na fasa kyamarar Baba."

"Kina ganina?"

"Ina ganinki."

"To, yi shiru. Amma gaya mini, me ya kai ki?"

"Na ji tsoron a ce na yi ƙarya a aji."

"Da dariyar 'yan aji da makanta, wanne ya fi sauƙi?"

Ta sunkuyar da kai, ta nemi gafara. Muka kai wa Malam Shehu ƙuli-ƙuli kwano guda. Ya ƙi karɓa, na ajiye na yi tafiyata.

Lawrence ya duba kyamara, ya ce ta mutu. Amma ya ciro fim ya wanke. Hoto biyu suka fito. Ɗaya gamsheƙa ce, kai a fashe, kamar za ta fito daga takarda. Ɗayan kuwa maigidana ne, yana dariya a tsakar gida. Yarinyar ce ta ɗauke shi ranar da ya koya mata rufe ido. Ba mu da hotonsa ko ɗaya kafin wannan. Kullum shi ne mai ɗauka. Na gode wa Allah.

Na riƙe wannan, ba na sayarwa ba ne. Na macijin kuwa, Lawrence ya so ya kafa a shagonsa. Ya taya naira ɗari biyu, na yi dariya. Ya kai ɗari biyar, na miƙe tsaye.

"Haba Madam, hoton yarinya ne fa."

"Da ido aka kusa biyansa, Oga. Ƙara dai."

Yara, ku ji. Kada ku ɗauki kayan gida ba izini. Kada cika baki ya kai ku bakin rami. Maciji kuma, daga nesa ake kallonsa, a kira manya.

Abin da na sallama a kai shi ne wannan: naira dubu ɗaya, ya riƙa koya wa 'yata hoto duk Asabar a shagonsa, kuma ya rubuta "Kada a matsa kusa" a ƙasan macijin, da manyan baƙaƙen da ni ma zan iya karantawa.