Ƙusa Ɗaya a Bangon Firdausi

Kwana biyu kacal Firdausi ta yi a Gabi wurin mahaifiyarta, ta dawo Madarunfa ta tarar bangon falonta ya sauya. Zanen tafki da marigayi babanta ya yi mata da hannunsa babu shi. A gurbinsa an rataye wani ƙaton tablo, hoton bango mai gilashi da baki mai ruwan zinariya, har ya fi kanape, doguwar kujerar da ke ƙarƙashinsa, faɗi.

"Ina zanen Baba?"

Hajara, yayar mijinta Bashir, tana zaune ta harɗe ƙafa. "Wannan ɗan tsurut ɗin? Shina bayan ɗaki. Kado ne, kyauta na kawo muku daga Ɗan Issa, gidan ƙanena ba shagon mai fenti ba ne!"

Firdausi ta ruga da gudu. Ruwan jiya ya riga ya gama da takardar, shuɗin tafkin ya narke ya koma laka.

Da Bashir ya shigo ya same ta tana kuka, sai ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, sheri, masoyiyata. Yayata ce, mi zan ce mata?"

Ta share hawaye. Ta tsaya tana duban tablon da idon ɗiyar mai zane. Babanta ya koya mata: kada hoto ya wuce kashi biyu cikin uku na faɗin kujera, a bar taƙi guda tsakaninsa da majingina, mai nauyi kuwa sai ƙusa biyu. Wannan a ƙusa ɗaya yake, cikin tsohon siminti, gindinsa daidai ƙeyar mai zama. Kuma nan ne mazaunin Hajara duk ranar Juma'a.

"Allah ya sa a kanki zai sauka," in ji ta a ranta.

Mako uku tana jira. In garin siminti ya zubo, ta share kafin kowa ya gani. In za ta fita, ta buga ƙofa da ƙarfi. Bashir na yi mata magana, ita kuwa idonta na kan ƙusa.

Ranar Juma'a Hajara ta zo da mahaifiyarsu, Inna Dije, tsohuwar da ba ta taɓa kiran Firdausi da komai ba sai "ɗiyata".

"Inna, zauna nan ƙarƙashin tablona in ɗauke ki hoto!"

Inna ta zauna, ta jingina, ɗankwalinta ya ture gilashin. Firdausi na shigowa da faranti ta ga ƙusar ta sunkuyo.

"Inna!!"

Ta watsar da farantin ta faɗa kan tsohuwar. Gilashi ya tarwatse a kafaɗar Firdausi, jini ya wanke mata hannu.

Ɗinki tara aka yi mata a asibiti. Bashir ya riƙe yatsunta. "Kin ceci Inna."

"Ba ceto ba ne," ta ce cikin kuka. "Tun ranar farko na san zai faɗo. Kan Yaya Hajara nake jira."

Hajara da Inna suna tsaye bakin ƙofa, sun ji komai. Bashir ya saki hannunta, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya sake kamawa. "Ni na fara. An ƙona miki zuciya a gidana, na bar ki ke kaɗai."

Hajara ta durƙusa bakin gado. "Wallahi ban san na marigayi ba ne..." Ta girgiza kai. "A'a, na sani. Ki yahe mini, Firdausi."

Inna Dije ta dafa kawunansu su biyu. "Ku tashi haka nan, ni dai ina da rai."

Tabon bai ɓace daga kafaɗar Firdausi ba, amma daga ranar Bashir bai ƙara barin kowa ya taɓa mata ko tsinke a ɗaki ba. Ita kuma ta gane cewa haƙurin da aka dafa da ƙullaci ba haƙuri ba ne, kuma mai shirya ramuwa ba shi ke zaɓar wanda za ta faɗo wa ba.